Sabbin dokokin harajin Najeriya: wanda aka yafe wa, wanda zai biya, da abin da ƙaramin ɗan kasuwa zai tanada

Tun ranar 1 ga Janairun 2026 da sabbin dokokin haraji suka fara aiki a Najeriya, maganganu biyu ne suka fi yawo a kasuwanni da ofisoshi da zaurukan WhatsApp. Ta farko tana cewa daga yanzu duk kuɗin da ya faɗa asusun mutum a banki, gwamnati za ta yanki nata rabon. Ta biyu kuma tana cewa an sallami talaka da ƙaramin ɗan kasuwa gaba ɗaya, babu sauran abin da ya haɗa su da hukumar haraji. Duka biyun sun kauce wa abin da ke rubuce. Dokokin sun rage wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin da za su biya, wasu ma an ɗauke musu shi ɗungurungum, amma sun ɗora wa kusan kowa wani nauyi na daban, wato yin rajista da ajiye lissafi da miƙa bayanin abin da aka samu a shekara. Rangwamen yana nan, sai dai wanda ke da takardar da zai nuna ne zai fi cin moriyarsa.

## Yadda aka zo nan

A shekarar 2023 Shugaba Bola Tinubu ya kafa kwamitin gyaran tsarin haraji ƙarƙashin jagorancin Taiwo Oyedele. Hujjar gwamnati ita ce harajin da Najeriya ke tarawa bai wuce kusan kashi 11 cikin 100 na ƙarfin tattalin arziƙinta ba, abin da ya sa take cikin na baya a Afirka, kuma tana son ya kai kashi 18. Kwamitin ya kuma ce akwai nau'o'in haraji da kuɗaɗen shiga sama da 60 da matakan gwamnati uku ke karɓa, yawancinsu ba sa kawo wani abin kirki ga baitulmali amma suna jigata mai sana'a. An aika da ƙudurori huɗu zuwa Majalisar Dokoki ta Ƙasa a watan Oktoban 2024, aka yi watanni ana tafka muhawara, sannan shugaban ƙasa ya sa musu hannu ranar 26 ga Yunin 2025.

Ɗaya daga cikin dokokin ta tattaro tsofaffin dokokin haraji wuri guda, ta fayyace abin da ake biya wa haraji da kason da ake biya. Ta biyu ta tsara yadda ake rajista da miƙa bayani da cin tara. Ta uku ta maye gurbin hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, da sabuwar hukuma mai suna NRS. Ta huɗu kuma ta kafa majalisar haɗin gwiwa tsakanin hukumomin harajin tarayya da na jihohi, tare da ofishin sauraron koken masu biyan haraji.

Lokacin da gyaran ya zo shi ma yana cikin dalilan da suka sa aka karɓe shi da ɗari-ɗari. An cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka saki darajar naira a wata na gaba, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. A Arewa kuma kalmar haraji tana da tsohon tabo, domin akwai dattawan da har yau suke tuna yadda ake karɓar haraji da jangali, da yadda gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su bayan hawansu mulki a 1979.

## Ciniki daban, riba daban

Yawancin ruɗanin ya samo asali ne daga cakuɗa kalmomin da doka ta rarrabe. Ciniki shi ne jimillar kuɗin da aka sayar da kaya ko aka yi aiki aka karɓa a shekara. Riba ita ce abin da ya rage bayan an fitar da kuɗin sarin kaya da hayar shago da kuɗin mota da dako da sallamar yaran shago da sauran ɗawainiyar da sana'ar ta ci. Harajin kuɗin shiga a kan riba yake hawa, ko a kan albashi ga ma'aikaci. Ana duba ciniki ne domin a san ajin da kamfani yake, ƙarami ne ko babba.

Bambanci na biyu, wanda ya fi shafar 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Dawanau da ire-irensu, shi ne tsakanin kamfani da rajistar sunan kasuwanci. Dukansu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ake yin su, shi ya sa mutane da yawa ke ɗaukar su abu ɗaya. A idon doka kamfani mutum ne mai zaman kansa, dukiyarsa daban da ta mai shi, kuma hukumar tarayya ce ke karɓar harajinsa. Rajistar suna kuwa suna ne kawai mutum ya laƙaba wa sana'arsa, ribar tasa ce, harajin nasa ne, kuma hukumar harajin jihar da yake zaune ce ke karɓa, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna. Wanda bai yi rajistar komai ba shi ma a wannan sahu yake.

## Lissafin mai albashi

Sabon tsarin ya yafe haraji a kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin 100, miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Hawa-hawa ake lissafin. Wanda ya samu naira 900,000 zai biya kashi 15 ne na naira 100,000 da ta ɗoru a sama, wato naira 15,000.

Kafin a yi wannan lissafi ana fitar da gudummawar fansho, da ta asusun gidaje na ƙasa, da ta inshorar lafiya, da kuɗin inshorar rai, da kuɗin ruwan bashin da mutum ya ci ya gina gidan da yake zaune a ciki. An soke tsohon rangwamen da kowa ke samu kai tsaye, wanda ya ƙunshi naira 200,000 da kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga, aka kawo rangwamen kuɗin haya a madadinsa: kashi 20 cikin 100 na hayar da mutum ya biya a shekara, matuƙar bai wuce naira 500,000 ba.

A ɗauki ma'aikacin da ke karɓar naira 150,000 a wata, wato miliyan 1.8 a shekara, a ƙaddara ana cire masa fansho na kashi 8 a kan dukan albashin, naira 144,000 ke nan, kuma yana biyan hayar naira 300,000. Rangwamen hayarsa naira 60,000 ne. Abin da ya rage naira 1,596,000, idan aka fitar da 800,000 saura 796,000, harajinsa na shekara ya zama naira 119,400. A tsohon tsari wannan ma'aikaci zai biya kimanin naira 133,700. Ya samu sauƙin kusan naira 14,000 a shekara. Idan kuwa a gidan gado yake zaune, ko yana haya amma ba shi da rasit, harajinsa naira 128,400 ne, sauƙin ya koma kusan naira 5,000 kacal. Wannan batu ya shafi garuruwan Arewa sosai, inda zaman gidan iyaye ya yawaita, kuma akasarin haya da baki ake ƙulla ta tsakanin mai gida da ɗan haya ko dillali.

Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba zai biya komai ba. Masu manyan albashi su ne harajinsu ya ƙaru, saboda tsohon rangwamen na kashi 20 yana girma ne tare da albashi, yanzu kuma babu shi. Masu sukar dokar suna nuna cewa naira 800,000 a shekara bai kai naira 67,000 a wata ba, kuma ba a ɗaure adadin da hauhawar farashi ba, saboda haka duk ƙarin albashin da aka yi nan gaba zai riƙa tura ƙananan ma'aikata cikin sahun masu biya ko da abin da albashin ke saya bai ƙaru ba. Wannan suka tana da tushe a lissafi, kuma majalisa ce kaɗai ke da ikon gyara adadin.

## Mai shago da mai kamfani

Babban albishir ɗin da gwamnati ta fi yayatawa shi ne ƙananan kamfanoni ba za su biya harajin kamfani ba, ba za su biya harajin ribar sayar da kadara ba, kuma an ɗauke musu sabon harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin 100, wanda ya haɗe harajin ilimi da wasu ƙananan kuɗaɗe da kamfanoni ke biya a da. A tsohuwar doka iyakar ƙaramin kamfani cinikin naira miliyan 25 ne a shekara. Adadin da kwamitin Oyedele ya riƙa bayyanawa a sabon tsari shi ne cinikin da bai wuce naira miliyan 100 ba, da kadarorin aiki da ba su wuce naira miliyan 250 ba. Sai dai masana haraji sun ja hankali cewa a kwafin dokar da aka fara wallafawa akwai inda aka rubuta miliyan 50, don haka kamfanin da cinikinsa ya faɗa tsakanin waɗannan adadi biyu ya fi masa aminci ya nemi matsayinsa a rubuce daga hukumar NRS. Masu sayar da ƙwarewa, irin ofisoshin lauyoyi da akantoci, ba sa cikin wannan rangwame komai ƙanƙantarsu. Sauran kamfanoni suna biyan kashi 30 cikin 100 na riba.

Wannan yafiya ta kamfani ce. Mai shagon atamfa da ke kasuwanci da sunansa ko da rajistar suna bai shiga cikinta ba, shi lissafin mutum ɗaya ake yi masa kamar ma'aikacin da aka ambata a sama. A ce ya yi cinikin naira miliyan 20 a shekara, ya sari kayan miliyan 17, ɗawainiyar shago ta ci miliyan 1.5. Ribarsa miliyan 1.5 ce, harajinsa kashi 15 na naira 700,000, wato naira 105,000. Amma wannan lissafi yana tsayawa ne idan yana da abin da zai tabbatar da miliyan 17 ɗin da miliyan 1.5 ɗin. Idan jami'in haraji ya ga alamar miliyan 20 sun ratsa asusunsa, shi kuma babu rasit ɗin sari, babu littafin ciniki, doka ta ba hukuma damar yi masa ƙiyasi gwargwadon abin da ta gani. Ƙiyasi yakan fi gaskiyar riba nauyi a sana'o'in da ake juya kuɗi mai yawa a kan riba kaɗan, kamar hatsi da kayan masarufi da katin waya da dabbobi.

Daga nan ne tambayar da masu shaguna da yawa ke yi ta taso, ko ya kamata su mayar da sana'arsu kamfani tunda haraji ya zama sifiri. Amsar ta danganta da girman riba. Kamfani yana da ɗawainiyarsa: miƙa bayanan shekara ga CAC, shirya cikakken lissafi wanda yawanci sai an ɗauki akanta, da miƙa bayani ga NRS cikin wata shida bayan rufe shekarar lissafi ko da ba za a biya ko sisi ba. Sannan kuɗin da mai kamfani ya ɗiba wa kansa bai tsira daga haraji ba, idan albashi ya yanka wa kansa za a yi masa lissafin albashi, idan rabon riba ne ana cire kashi 10 cikin 100. Wanda ribarsa ke kai miliyoyi kuma yake mayar da mafi yawanta cikin jari zai iya samun sauƙi na gaske. Wanda ribarsa ba ta wuce miliyan ɗaya da rabi ba, kuma da ita yake cefane, mai yiwuwa kuɗin akanta da na takardu su cinye abin da ya tsira da shi.

Ajiye lissafi ba baƙon abu ba ne a kasuwannin ƙasar Hausa. Ɗan kasuwar da ke fitar da zakka yana ƙirga hajarsa da kuɗin hannunsa da basussukan da yake bi sau ɗaya a shekara, kuma kusan kowane shago yana da littafin bashi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne rubuta sari da kashe-kashen yau da kullum, da karɓar rasit daga uban ɗakin da ake sari wurinsa, musamman inda kaya ke fita bisa amana a biya bayan an sayar. Littafi mai shafin shiga da shafin fita, da ambulan da ake tara rasit, da hoton kowane rasit a waya saboda gobara ko ruwa, sun isa su zama hujja ga ƙaramar sana'a.

Tarar da aka tanada ta fi ta da nauyi. Rashin yin rajista ga wanda ya cancanta yana jawo naira 50,000 a watan farko da naira 25,000 a kowane wata da ya biyo baya. Rashin miƙa bayani yana jawo naira 100,000 a watan farko da naira 50,000 a kowane wata na gaba. Kamfani ko hukumar da ta ba wanda ba shi da rajistar haraji kwangila za ta biya naira miliyan 5, kuma tasirin wannan shi ne manyan masu saye za su daina karɓar kaya daga hannun ɗan kasuwar da ba shi da lambar haraji. Ɗaiɗaikun mutane suna da wa'adi zuwa 31 ga Maris na kowace shekara su miƙa bayanin shekarar da ta gabata, masu ɗaukar ma'aikata kuma zuwa 31 ga Janairu.

## Banki da lambar haraji

Jita-jitar cewa banki zai riƙa yankar haraji daga duk kuɗin da ya shigo ba ta da madogara a doka, haka ma maganar cewa rubuta "kyauta" ko "bashi" a bayanin tura kuɗi ne ke hana a cire. Shiga asusu ba ya mayar da kuɗi abin biya wa haraji. Kyauta, da bashin da aka karɓa, da zubin adashe, da gudummawar biki, da kuɗin da ɗan'uwa ya turo a kai wa iyaye, babu wanda yake riba ko albashi a cikinsu. Kwamitin ya kuma sha nanata cewa babu harajin gado, bayan malamai a Arewa sun nuna damuwa kan wani sashe na ƙudurin farko, wanda majalisa ta gyara lafazinsa.

Abubuwa uku ne tabbatattu game da banki. Wanda ke samun kuɗin da haraji ke hawa kansu ana buƙatar ya kasance da lambar haraji, kuma hukumomi sun bayyana cewa lambar NIN ce ke tsayawa a matsayinta ga mutum, lambar rajistar CAC kuma ga kamfani. Bankuna za su riƙa kai rahoton asusun da hada-hadarsu ta kai miliyoyi masu yawa. Sannan hukumar haraji tana da ikon umartar banki ya biya ta daga asusun wanda bashin haraji ya tabbata a kansa, ikon da ke cikin tsohuwar doka ma, kuma yana zuwa ne bayan an yi wa mutum ƙiyasi an sanar da shi. Wanda bai yarda da ƙiyasin da aka yi masa ba yana da kwana 30 ya shigar da ƙorafi a rubuce, daga nan akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, akwai kuma sabon ofishin sauraron koke.

Waɗanda wannan tsari zai fi takura su ne masu sana'ar da kuɗin wasu ke bi ta hannunsu, kamar dillalan shanu da na hatsi da na filaye, da masu POS, da masu yi wa jama'a aike. Dillalin da miliyan 10 ta ratsa asusunsa alhali la'adarsa naira 100,000 ce yana buƙatar abin da zai nuna inda sauran kuɗin suka nufa. Raba asusun sana'a da na gida shi ne mataki mafi arha da ke warware rabin wannan matsala.

Naira 50 da ake cirewa a kan tura kuɗin da ya kai naira 10,000 tana nan, canjin da aka samu shi ne yanzu mai turawa ne ke biya maimakon mai karɓa.

## Harajin VAT da rigimar rabo

Harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyuka, ya tsaya a kashi 7.5 cikin 100 da yake tun 2020. Ƙudurin farko ya nemi a riƙa ɗaga shi har ya kai kashi 15 a 2030, majalisa ta ƙi. An cire shi daga kan abincin yau da kullum da magunguna da littattafan karatu da kuɗin makaranta da takin zamani, haka kuma hayar gida da motar haya ba sa cikinsa. Ƙananan sana'o'i ba dole ba ne su ɗora shi a kan masu saye.

Takaddamar da ta fi ɗaukar hankalin Arewa a kan rabon kuɗin ce. A tsohon tsari, kason jihohi ana raba rabinsa daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda kuɗin ya fito, wanda a aikace yake nufin inda hedikwatar kamfani take, galibi Legas. Ƙudurin ya nemi a ɗaga kason inda kuɗi ya fito zuwa 60. Gwamnonin Arewa da sarakuna sun yi taro a Kaduna a ƙarshen Oktoban 2024 suka yi watsi da wannan, Majalisar Tattalin Arziƙi ta Ƙasa ta ba da shawarar a janye ƙudurorin a sake tuntuɓa, Gwamna Babagana Zulum na Borno da Sanata Ali Ndume suna cikin waɗanda suka fi fitowa fili. Tsoronsu shi ne jihohin da ba su da masana'antu za su rasa kuɗin biyan albashi. Martanin kwamitin shi ne sabon ma'auni zai duba inda aka yi amfani da kaya ne, ta yadda katin wayar da aka saya a Gusau za a lissafa wa Zamfara. Masu adawa suka ce babu ingantattun bayanan da za su tabbatar da hakan. A watan Janairun 2025 gwamnoni suka daidaita a kan rabi daidai wa daida, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kaya, kashi 20 bisa yawan jama'a, kuma hakan ya shiga doka. Kason gwamnatin tarayya ya sauka daga 15 zuwa 10, na jihohi ya tashi daga 50 zuwa 55, na ƙananan hukumomi ya tsaya a 35.

Wata ƙura ta sake tashi a watan Disamban 2025, lokacin da ɗan majalisar wakilai daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya ce dokokin da aka wallafa sun saɓa da waɗanda majalisa ta zartar. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya da 'yan adawa sun nemi a dakatar da aiwatarwa, shugabannin majalisa sun ba da umarnin a sake wallafa sahihin kwafi, shugaban ƙasa kuma ya ce ranar farawa ba za ta canza ba.

## Kare abin da aka tara

Tsoron haraji ya sa wasu na tunanin janye kuɗi daga banki su koma ajiyar gida ko ta shago. Wannan ba ya sauke wajibcin haraji, kuma yana buɗe ƙofar asarar da ta fi harajin girma. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ta lashe dubban shaguna, kuma a irin wannan iftila'i tsabar kuɗi da littafin bashi tare suke ƙonewa da haja. Akwai kamfanonin takaful masu lasisi ga wanda ke guje wa inshorar da aka saba saboda dalilin addini, kamar yadda akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus.

Ajiyar banki ita ma tana da iyakar kariya da ya kamata a sani. Tun 2024 hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC ta ɗaga abin da take lamunce wa kowane mai ajiya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, da naira miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma. Da Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, masu ajiyar da ba ta wuce miliyan 5 ba an biya su ta hanyar lambar BVN zuwa asusunsu na wasu bankuna, masu fiye da haka kuwa sai da suka jira a sayar da kadarorin bankin. Tunda lamunin na kowane banki daban ne, ɗan kasuwar da ke riƙe da miliyan 12 ya fi samun kariya idan ya raba su a bankuna uku.

Hatsari mafi girma ga ƙananan masu tari shi ne tsare-tsaren zuba kuɗi masu alkawarin ninka jari cikin wata guda. MMM ya rufe da kuɗin jama'a a Disamban 2016, CBEX ya yi haka a Afrilun 2025. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba ga masu gudanar da irin wannan, amma hukunci ba kasafai yake dawo da kuɗi ba. Takardar CAC shaida ce kawai ta cewa an yi wa kamfani rajista, izinin karɓar jarin jama'a daga hukumar kula da zuba jari ta SEC yake fitowa, kuma ana iya duba sunayen masu izini a shafinta. Hanyoyin da gwamnati ke tsaya wa sun haɗa da takardar lamunin tanadi da ake fara saye daga naira 5,000, da sukuk, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, da ake fitarwa tun 2017. Masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa kuma suna da damar buɗe asusun fansho na kashin kansu a ƙarƙashin tsarin da hukumar fansho ta PenCom ta ƙaddamar a 2019.

Duk lokacin da aka kawo sabuwar doka, 'yan damfara sukan shiga rigarta. Babu hukumar haraji ko bankin da ke neman lambar sirrin kati ko lambar da ake turowa waya domin a haɗa asusu da lambar haraji. Harajin da aka miƙa a hannu ba tare da rasit na hukuma ba kuma babu inda aka rubuta cewa an biya shi.

## Abubuwan da ba su kammala ba

Sabuwar dokar haraji ta ƙunshi ƙarin kashi 5 cikin 100 a kan man fetur da dizal, tanadin da asalinsa yake cikin dokar hukumar gyaran hanyoyi ta 2007. Ba zai fara aiki ba sai ministan kuɗi ya fitar da umarni a hukumance, kuma ministan kuɗi na lokacin, Wale Edun, ya faɗa a Satumban 2025 cewa babu shirin yin haka nan kusa. Kalanzir na girki da iskar gas na girki da gas ɗin motoci ba sa ciki. Duk ranar da aka kunna shi, kuɗin mota da farashin kaya ne za su fara nunawa.

Ga mai rumfa a kasuwar ƙauye da direban da ke ɗauko tumatir daga Kadawa zuwa Legas, harajin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne tikitin kasuwa da kuɗin lodi da na shingayen hanya, waɗanda jihohi da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi ke karɓa. Dokokin tarayya ba su share waɗannan da kansu ba, domin tsarin mulki ya bar wa jihohi da ƙananan hukumomi ikon wasu kuɗaɗen shiga. Alkawarin rage nau'o'in haraji daga sama da 60 zuwa ƙasa da 10 ya rataya ne a kan kowace majalisar jiha ta yi tata dokar daidaitawa, sannan a samu gwamnatin da za ta iya tayar da masu karɓar kuɗi daga kan hanya.